Yadda Madina ta zama sunan zuri'a a Sifaniya

A gidan kallon ƙwallo na unguwarmu na fara lura da sunan. Daren da Lens ta doke Arsenal da ci 2-1 a gasar zakarun Turai a 2023, kyamara ta hasko bayan wani mai tsaron baya, sai ga MEDINA a rubuce ɓaro-ɓaro. Wani dattijo da muke benci ɗaya ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ɗana, wannan namu ne ko?" Na ce, "Baba, ɗan Ajantina ne, Facundo Medina." Ya girgiza kai, bai gamsu ba. Ni ma abin ya tsaya mini a rai.

Kalmar ta Larabci ce, madina, wato birni. Musulmi sun tsallaka zuwa Andalus, wato yankin Sifaniya da Fotugal na yau, a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bn Ziyad, kuma mulkinsu bai ƙare ba sai da Granada ta faɗi a 1492. A tsawon wannan zama garuruwa da dama suka samu sunan. Akwai Medina-Sidonia a lardin Kadis, da Medinaceli wadda asalinta Madinatu Salim ce, da Medina del Campo da kasuwarta ta yi tashe a ƙarni na 15 da na 16. Wadda ta fi taɓa ni ita ce Madinatuz Zahra, birnin da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina kusa da Ƙurɗuba a ƙarni na 10. Yau kufai ne, amma har gobe Medina Azahara suke ce masa.

Daga gari sunan ya hau kan mutane, kuma mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. Mutum ya bar garinsu ya sauka wani wuri, sai a riƙa kiransa wane na Medina, kamar yadda muke da Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Su can sunan ya liƙe wa 'ya'ya da jikoki har ya zama na zuri'a. Kirista da Bayahude da Musulmi duk sun zauna a waɗannan garuruwa, don haka sunan kaɗai ba ya nuna addinin kakannin mai shi. Jikokin Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci ma an kore su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614. Wannan wuri yana yi mini zafi: an kori mutanen, kalmarsu kuwa tana nan a katin shaidar dubban 'yan ƙasar.

Jiragen ruwa ne suka kai sunan Latin Amurka. Wani Bartolome de Medina shi ya fito da dabarar tace azurfa da zaiba a Pachuca ta Meziko wajajen 1554, kuma a yau masu sunan a Meziko sun fi na Sifaniya yawa. Isaias Medina Angarita ya mulki Benezuwela daga 1941 zuwa 1945, Danilo Medina kuma ya shugabanci Jamhuriyar Dominika daga 2012 zuwa 2020.

Bayan mako biyu na sake haɗuwa da dattijon a bakin masallaci bayan La'asar, na zayyana masa duk wannan. Ya saurara yana jan carbi. Da na zo kan Ƙurɗuba sai ya tsayar da ni ya ce, "Garin su Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri?" Na ce nan ne, Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce in sake faɗa masa sunan birnin halifan, a hankali.