Laraba: yini guda kan waƙoƙin Juliette Gréco

Tun ƙarfe tara na safe har bayan la'asar muna kan waƙoƙi uku kacal, ni a bakin fiyano, ɗalibar a gaban makirufo. Faransanci ba baƙonta ba ne, da shi ta yi karatu tun firamare kamar sauran 'yan boko a nan Damagaram. Muryarta mai kauri ce, a ƙasa take zama. Shi ya sa muka ɗauki Juliette Gréco a matsayin madubi. An haifi Gréco a Montpellier a 1927, ta rasu a 2020, kuma sunanta bai fito ta hanyar tsara waƙa ba. Aikinta shi ne ta ɗauki abin da mawallafa irin su Jacques Prévert da Raymond Queneau suka rubuta, ta yanke shawarar wace ce ke magana a ciki, kuma da wa take yi. Sauri da numfashi da tsayin murya duk daga wannan shawarar suke fitowa.

Kafin a taɓa fiyano sai da ta karanta kowace waƙa da baki sau uku, kamar mai yi wa ƙawarta magana. Duk inda ta tsaya da kanta, na sa ta ja layi da fensir. Nan ne wurin numfashi, ko da bai dace da ƙarshen baiti ba.

Mun fara da "Les feuilles mortes", rubutun Prévert da kiɗan Joseph Kosma. Nan aka fara cin karo da harafin e da ba a furtawa. A maganar yau da kullum, kalmomi biyu na ƙarshen sunan waƙar gaɓa biyu ne. A rerawa sun zama huɗu, domin mai kiɗa ya ba kowane e nasa sautin. Da ta haɗiye su, sai ta riga fiyano isa ƙarshen layi. Da na faɗa mata, sai ta danna su da ƙarfi, abin ya koma kamar karatun 'yan aji biyu. Maganinsa shi ne a furta shi gajere, baki a ɗan buɗe, da rabin ƙarfin gaɓar da ta gabace shi. Ta so mu tsallake doguwar shimfiɗar farko mu faɗa amshi kai tsaye, kamar yadda masu rera ta da Ingilishi suka saba. Ban yarda ba. A shimfiɗar ne ake jin wanda ake tunawa, kuma idan babu ita amshin kiɗa ne mai daɗi kawai. A shimfiɗar fiyano ke bin mawaƙiya, babu ƙidaya. Sai an shiga amshi ƙidaya ke kamawa. Mun sauke waƙar daga mi zuwa do, domin a sama tana matse maƙogwaro, wasula kuma suna narkewa su zama iri ɗaya.

"La Javanaise" ce ta cinye mana rabin yini. Serge Gainsbourg ya rubuta wa Gréco ita, ta fito a 1963, kuma da gangan ya cika ta da sautin v, yana wasa da wani zaurancen Faransawa da ake cusa "av" a tsakiyar kalma. Mu kuwa ba mu da v a Hausa. Ko f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin sa. A hira ɗalibar tana furta v daidai, amma da zarar hankalinta ya koma kan kiɗa sai bakin gida ya dawo, ya zama b. Mun yi minti ashirin gaban madubi: haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, yatsa biyu a maƙoshi don a ji rawar murya, a ja sautin daƙiƙa huɗu kafin a saki wasali. Haka u na Faransanci: a ce "i", a bar harshe inda yake, a tattara leɓɓa kamar mai shirin fito. Wasulan hanci kuwa, kuskurenmu shi ne rufe su da n. Idan kan harshe ya tashi ya taɓa dasashi, an ɓata. Dole ya kwanta bayan haƙoran ƙasa har sautin ya ƙare.

Akwai inda Hausa ta yi mana rana. R ɗinmu mai kaɗawa a kan harshe yana fita tsaf a makirufo. Tsofaffin mawaƙan Faransa da yawa suna gurza r sosai a waƙa, kunnen masu sauraro ya saba da shi. Na ce ta riƙe nata a kalmomin da take son nauyi, ta sassauta a sauran.

Kiɗan "La Javanaise" mai bugu uku ne. Na sa metronom, na'urar ƙidayar bugu, a 120, sai ta zama waƙar rawa, kalmomi na tuntuɓe. A 100 ta zauna. Kuskuren da aka fi yi a bugu uku shi ne dukan na farko kowane zagaye. Faransanci a ƙarshen jimla yake ajiye nauyinsa, saboda haka hannun hagu na mai fiyano ne zai riƙe bugun farko, murya ta wuce ta kansa.

Bayan azahar muka shiga "Ne me quitte pas" ta Jacques Brel, ɗan Beljiyam, wadda ya fitar a 1959. Kowane layinta gaɓa biyar ne, gajeru ƙwarai, kuma tarkon ke nan: mai koyo yakan ja numfashi bayan kowane layi, sai waƙar ta daddatse kamar shessheƙa. Mun haɗa layi uku ko huɗu a numfashi guda. Na kunna mata rerawa uku a jere. Brel roƙo yake yi, yana ƙasƙantar da kansa har ƙasa. Nina Simone a 1965 ta ja ta a hankali da lafazinta na Amurka, nauyin muryar ya ɗauke komai. Gréco kuwa da sauri take yin ta, da zafi, kamar mai ba da umarni. Gérard Jouannest, wanda ya daɗe yana kaɗa wa Brel fiyano, shi ne ya zama mijinta kuma makaɗinta, don haka ba a jahilce ta sauya ta ba. Kalma ɗaya ba ta canja ba, amma mai maganar ta zama wata dabam. A ganina tata ta fi wuyar yi, domin fushi yana sa mutum ɗaga murya, ita kuwa a baƙaƙe take sa zafin, ƙarar tana nan inda take.

Ɗalibar ta ce, "Malam, to wanne zan bi?" Na ce, "'Yata, faɗa mini tukuna, wanda kike yi wa maganar yana bakin ƙofa ne ko ya riga ya fita?" Ta yi shiru, ta ce ya fita. Daga nan ba roƙo ba umarni, sai magana da ɗaki wayam. Muka rage sauri, muka cire rawar murya daga ƙarshen layuka, na rage hannun dama ya koma sauti ɗaiɗai.

Makirufo ya ba da tasa matsalar. Kalmar ƙarshe ta sunan waƙar da p take farawa, ana kuma maimaita ta sau da yawa, kowane p na bugun lasifika. Tazarar yatsu huɗu daga baki, a ɗan karkatar da shi gefe, bugun ya ɓace. Hannuwan ɗalibar ma suna yawo. Gréco baƙar riga take sawa ta tsaya wuri guda, fuska da hannuwa kaɗai ke aiki, shi ya sa kowane motsi ke da ma'ana. Mun ƙayyade motsi biyu a duk waƙar.

Wajen ƙarfe huɗu hunturu ya busar mata da maƙoshi, sautukan ƙasa suka fara gurzawa. Muka kashe fanka, ta sha ruwan ɗumi, muka tsaya. Gobe baiti na ƙarshe kawai za mu yi, ba fiyano, har sai layuka huɗun ƙarshe sun fita a numfashi ɗaya.