Ina mai keke zai bi?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine babur, na fito da tsohon keken Baba daga zaure. Baƙi ne, sirdinsa ya tsage. Aka sa masa sabuwar kaca da tayoyi, shi nake hawa kullum daga Ɗorayi zuwa shagon ɗinkina kusa da Ƙofar Nasarawa.

Tuƙin ba ya gajiyar da ni, don Kano shimfiɗaɗɗen gari ne. Rashin wurin bi ne ke ci min rai. Tsakiyar titi na motoci ne, gefe kuma, inda ya kamata mu raɓa, can ɗan adaidaita yake tsayawa ɗaukar fasinja, can mai tifa yake juye yashi, can mai lemo yake kafa teburinsa.

A damina bara wani ɗan adaidaita ya ci birki a gabana babu sigina. Na kauce dama, ashe murfin lambatun wurin ya karye, ruwa ya rufe ramin. Tayar gaba ta faɗa, na kifa, gwiwata ta daku. Sati biyu ban taka keken ɗinki ba. Har yau ramin yana nan, sai dai wani bawan Allah ya soka reshen darbejiya a ciki don a gane.

Gadojin sama da na ƙasa kam mun samu, daga Ƙofar Nasarawa zuwa Kabuga, Dangi da Hotoro, kuma sun rage cunkoso, ban musa ba. Amma duk wanda ya zana su mota ce kaɗai a ransa. Ka tsaya da asuba ka ga masu keke: dattijo da buhun alayyafo, lebura, ɗalibi da jaka a baya. Waɗannan ba 'yan gari ba ne? Ojo Maduekwe yana ministan sufuri a zamanin Obasanjo ya ce a koma keke, shi kansa mota ta ture shi a Abuja. Sama da shekara 20 ke nan, ba a ware mana ko taku uku ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In za a faɗaɗa titi, a bar mana siririn layi, a tokare shi da kankare don fenti ba ya hana kowa shiga, a kuma rufe lambatu.

Jiya babban ɗana ya roƙe ni in bar shi ya riƙa zuwa makaranta a keke, kuɗin adaidaita ya yi yawa. Gaskiya ya faɗa. Na tuna ramin nan, na ce masa a'a.