Talata, ranar kilinik ɗin zuciya

An kawo wuta tun kafin asuba, har na samu na goge farar rigata a natse. Yara sun tafi makaranta ba rigima. Mai waina ta bakin get ta ajiye min tawa da zafinta, ta ƙara min yaji ba tare da na roƙa ba. Na shiga asibiti ina murmushi ni kaɗai.

Kilinik cike maƙil kamar kullum. Hawan jini, hawan jini, wata mai jego ƙafa a kumbure, wani dattijo da ya ajiye magani wai ya ji sauƙi. Wajen sha ɗaya da rabi aka shigo da yaron.

Shekararsa 19, dogo, siriri, ɗan ƙwallon unguwa. Ranar Asabar ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, abokansa suka ce yunwa ce. A kemis aka ba shi maganin ƙarin jini. Mahaifiyarsa ce ta kafe sai an kawo shi, don ta ce ba wannan ne na farko ba. A katinsa, sabon likitanmu mai sanin makamar aiki ya rubuta layi ɗaya tak: babu tarihin wata cuta a dangi.

Jininsa 110 bisa 70, lafiya lau. Da na ɗora abin saurare a ƙirjinsa sai na ji ƙara a gefen hagu na ƙashin ƙirji. Na ce ya tsuguna, ta lafa. Na ce ya miƙe, ta dawo da ƙarfinta. Gabana ya faɗi tun kafin a kawo takardar ECG, gwajin bugun zuciya. Muka gangara da shi ɗakin eko, inda ake ɗaukar hoton zuciya. Bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, wanda a lafiyayyen mutum ba ya wuce milimita 11 ko kusa da haka, nasa ya kai 22. Daga 15 ake kiran sunan ciwon, HCM, kaurin naman zuciya na gado. Naman ya turo ya tare hanyar da jini ke bi ya fita, kamar an jingine buhun hatsi a ƙofar zaure. Abin tsoron ma ba tarewar kaɗai ba ce. Zaruruwan naman a harɗe suke, kuma irin wannan zuciyar tana iya rikicewa da bugu a cikin daƙiƙa, mutum yana tsaye.

Na dawo da su ofis, na juya bayan takardar magani na fara zana bishiyar dangi. Murabba'i namiji, da'ira mace, wanda ya rasu a ja masa layi.

“Hajiya, mahaifinsa fa?”

“Allah Ya yi masa rasuwa, ana neman shekara tara.”

“Allah Ya jiƙansa. Ya yi jinya?”

“Ko ciwon kai bai ce yana yi ba. Ya dawo daga kasuwa, ya yi alwala zai fita Magariba, a bakin ƙofa ya faɗi. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.”

Bai kai 45 ba. Na tambayi 'yan'uwansa. Akwai ƙaninsa da ya faɗi a gona yana saurayi, aka ce iska ce ta buge shi. Akwai yayarsu da ta kwanta barci ba ta tashi ba, da goyo a gefenta. Layi uku na ja a jere, duk ɗaki ɗaya. Na ce, “Hajiya, ɗazu da abokin aikina ya tambaye ki ba ki faɗa masa wannan ba?”

Ta ce, “Hawan jini ya tambaye ni, da suga, da asma. Babu mai ko ɗaya. Mutuwa kuwa ai ba cuta ba ce, likita, lokaci ne.”

Gaskiyarta. Shi ma sabon likitan ban ga laifinsa ba, yadda aka koya masa ya yi. Cututtuka uku a haddace, a jero su, a ce babu, a wuce zuwa taba da giya.

Na yi mata bayani a hankali. Iyaye ba sai sun haɗu a kan ciwon ba, ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa da ya haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Sauran 'ya'yanta biyar, kowanne yana buƙatar ECG da eko. Wanda aka duba yau aka ga lafiya ma ba a sallame shi ba, don kaurin yakan fito ne lokacin balaga ko bayanta, masu tasowa ana sake duba su duk shekara ɗaya ko biyu, manya duk uku zuwa biyar. Na ce har 'yan'uwan marigayi da 'ya'yansu ya kamata su zo.

Ta yi shiru. Ta kwance bakin mayafi ta ciro kuɗi ta miƙa wa yaron, ta ce ya je ya sayo mata ruwa. Sai da ƙofa ta rufe ta matso da kujerarta.

“'Yar nan, ki rufa min asiri, Allah Ya rufa miki. Bikin yayarsa bayan Babbar Salla, an riga an kawo lefe.”

“Allah Ya sanya alheri. Wa za ta aura, Mama?”

“Ɗan baffanta. Ɗan wan marigayi.”

Na kalli takardar. Angon yana cikin bishiyar da na zana, murabba'i ne a layi na uku, ban dai san shi ne ango ba lokacin da nake zana shi. Idan ciwon daga kakanninsu ya gangaro, ita tana iya ɗauke da shi, shi ma haka. Yaron da ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar gadon daga uwa da uba duka, ciwon na iya zo masa da tsanani tun yana jariri.

Na faɗa mata haka, ban ɓoye ba. Ta ce ta ji, amma ni ma in ji nata. Ita bare ce a gidan. Tun rasuwar mijinta wan nasa ke riƙe da gonakin marayu, wannan auren ne ya sa ake gaisawa da daɗin rai. Ranar da ta buɗi baki ta ce akwai ciwo a jininsu, cewa za a yi ta ƙirƙiro ne don ta raba zumunci. In kuma aka yarda, to ya fi muni, maganar za ta zaga unguwa, ƙannen amaryar biyu mata su rasa mai sallama a ƙofar gidansu. “Gori ba ya mutuwa, likita. Har jikokina sai an yi musu.”

Na ce ba hana aure na zo yi ba, kuma ba ni da wannan hurumin. Masu wannan ciwon da yawa suna tsufa da shi, suna haihuwa, suna aikinsu. Akwai magani mai rage gudun zuciya, irin su bisoprolol, akwai kiyaye ƙishirwa da zafin rana, akwai na'urar da ake dasawa a ƙirji ga wanda haɗarinsa ya yi yawa. Mace mai shi kuma gara a sani kafin ciki da a gano a ɗakin haihuwa. Na ce sirrin na ɗanta ne, shi baligi ne, ba zan kai wa kowa magana ba sai da izininsa. Amma na roƙe ta ta kawo amaryar a duba ta, ko da ba wanda ya sani.

Ta ce, “In aka ga akwai fa? Sai in yi shiru in kai ta ɗaki da saninsa a raina? Gara rashin sanin.”

Ban sami abin cewa ba. Yaron ya dawo da ruwan.

Shi tambayarsa ɗaya ce, ƙwallo. Na ce a dakata tukuna har mu gama auna haɗarinsa, tunda ya riga ya suma a fili. Ya ce ai Kanu ma an yi masa aikin zuciya ya koma ya ci kofuna. Na ce na Kanu bawul ne, wato ƙofar da jini ke bi a zuciya, aka gyara. Naka irin na Marc-Vivien Foé ne, na Kamaru, da ya faɗi a filin Lyon a watan Yunin 2003 ana wasa da Kolombiya, yana da shekara 28. Ba a haife shi ba lokacin, amma ya san sunan. Ya sunkuyar da kai yana murza ledar ruwan.

Abin da ya tsaya min a rai tun rana shi ne, duk wanda ya tsallake jarrabawar farko ta kwalejin ƙwararru zai iya karanto maka tarihin ciwon nan ba gargada. Donald Teare a Landan, 1958, gawarwaki takwas. Ɗakin binciken su Seidman a Boston, 1990, da suka gano ƙwayar gado ta farko a wani babban dangi na Kanada. Binciken Amurka na 1995 da ya duba matasa 4,111 ya fitar da lissafin mutum ɗaya cikin 500. Mun haddace, mun amsa, an tafa mana. To idan lissafin nan ya yi kusa da gaskiya a wurinmu, ina mutanen suke? Ni dai zatona suna cikin katunan da muka rubuta wa “zuciyar hawan jini”, don a nan duk kaurin da aka gani hawan jini ake ɗora wa, sauran kuma suna maƙabarta da sunan iska da sammu. Amma yadda za ka zauna da uwa irin wannan, da lefe a ɗakinta, babu darasi ko ɗaya a kai. A Ingila da Amurka akwai masu aikin nan na musamman, ba su da wata sana'a sai zama da iyali a kan ciwon gado. A nan ni ce, da tulin kati a gabana da Sista tana leƙowa tana nuna min agogo.

Sikila ta ɗan buɗe mana hanya, ban musa ba. Yanzu ko a ƙauye an san AS da AS, Kano ma ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. Sai dai waccan a fili take, takarda ce mai harafi biyu. Wannan ba haka ba ne, mutum na iya ɗauke da ƙwayar ya mutu da furfura bai taɓa jin komai ba, ƙaninsa kuma ya faɗi yana ɗan 17.

Gwajin ƙwayar gadon ma sai an tura jini waje, da dala. Ko an tura, a mutane da yawa ba a samun komai. Ga kuma abin da wani bincike na 2016 ya tono a Amurka: an yi shekaru ana gaya wa wasu baƙar fata cewa suna ɗauke da ƙwayar ciwon, ashe bambancin da aka gani a jininsu abu ne da ya yawaita a tsakanin baƙaƙe lafiyayyu, ba a dai sa su cikin waɗanda aka gwada da su ba tun farko. Sabon maganin kuwa, mavacamten, da Amurka ta amince da shi a 2022, kuɗinsa na shekara a lokacin ya tasam ma dala 90,000. Mu dai biro da eko.

Bayan la'asar na tare Oga, babban likitan da ke duba kundin bincikena, a baranda. Na ce, “Ranka ya daɗe, ina so in canza batun kundina. In bi iyalan masu kaurin zuciya in duba su.”

Ya yi dariya har da riƙe ƙarfen baranda. “Wa zai biya kuɗin eko na mutum 200 da ba abin da ke damunsu? Kuma kina son ki gama a wannan zangon ko sai 'yarki ta shiga jami'a?”

Raina ya ɓaci, na ce ai ciwon zuciyar masu jego ma haka aka yi ta maimaita abin da Davidson da Parry suka rubuta a Zariya tun shekarun 1970, kunun kanwa da wankan jego, har sai da su Farfesa Kamilu Karaye suka haɗa rajistar masu ciwon, mai suna PEACE, a faɗin ƙasa, aka ga rama da rashin karatu da hawan jinin masu ciki sun fi kanwa nauyi a lissafi. Kuma tun 2016 aka nuna cewa kusan kashi 15 cikin 100 na mata masu ciwon da aka gwada a ƙasashen waje suna da gurɓatacciyar ƙwayar gado. Wa ya duba namu?

Ya bar dariyar. Ya ce waccan aikin asibitoci da yawa ne, ba na likita ɗaya mai neman ƙwarewa, mai jiran albashi ba. Amma in ina so, in ɗebo katunan kilinik na shekara guda in ƙirga nawa ne aka rubuta an tambayi mutuwar farat ɗaya kafin shekara 50 a dangi. Sannan in tsara takarda shafi ɗaya da tambayoyin yadda mutane ke ba da labari, wa ya faɗi a gona, wa ya kwanta bai tashi ba, wa ya nutse alhali ya iya ruwa, wa ake cewa yana da farfaɗiya, a koya wa sababbin likitoci, bayan wata shida a sake ƙirgawa. Ya ce wannan kwamitin ɗa'a zai sa hannu ba ja-in-ja, kuma ba ya cin ko sisi sai kuɗin fotokwafi. Haushi ya hana ni ce masa yana da gaskiya. Na ce zan yi tunani.

Gida. Tuwon jiya da ɗumame. Autata ta zubar da tawada a kan littafin yayarta, an yi shari'a, na yanke hukunci, kowa bai gamsu ba. Umma ta kira a kan ankon bikin 'yar Baba Ƙarami, ita ma ɗan gida za ta aura, na ji kaina ina tambayar Umma wai me ya kashe Kawu na Gusau. Ta ce wace irin tambaya ce wannan da daddare.

Tara saura Hajiyar ta kira, da lambar da na rubuta mata a ƙasan bishiyar. Ta yi magana da yaron, ya yarda a duba ƙannensa. Za ta kawo maza biyun ranar Alhamis. Na ce amaryar fa, Mama? Ta ce, “Tukuna dai, likita.” Gobe kafin zagayen ɗaki zan biya ta ofishin walwalar marasa lafiya in ji ko za su rage mata kuɗin eko na mutum biyu.