Na je bakin teku na tarar da dangin masassara

A watan Satumba na bar Maraɗi, lokacin da masassarar cizon sauro ta fi kamari, har sai da na ji kunyar barin abokan aiki da tulin gilasan jini. Aikina ke nan shekara da shekaru: a ɗiga jini, a shanya, a rina, in sunkuya kan madubin likita ina neman ƙwayar masassara, ɗan zoben nan mai ɗigon ja. Sai ga shi an tura ni kwas na sati biyu a Roskof, wani ƙaramin gari a bakin teku, can ƙuryar arewa maso yammacin Faransa. Da na ga jadawalin karatun na ɗauka kuskure aka yi, don kusan rabinsa kan gansakukar teku ne. Ina ruwan biri da gada?

Jirgin sama daga Yamai zuwa Paris, jirgin ƙasa zuwa Morle, sannan mota. Abin da na fara gani a garin albasa ce, an kitse ta kamar gashi an rataye a ƙofar shaguna. Suna ji da ita ƙwarai, kakanninsu ma har Ingila suke kai ta talla a kan keke. Na ɗanɗana. Tana da zaƙi, amma wanda ya san albasar Galmi ba zai ruɗe ba.

Cibiyar binciken tana daf da ruwa, tun 1872 aka kafa ta. Washegari malamarmu, wata dattijuwa mai saurin tafiya, ta raba mana takalman roba ta ce mu bi ta. Tekun da na bari jiya yana dukan bango ya janye ya yi nisa, jiragen ruwa na kwance a kan yashi kamar shanun da suka ƙoshi. Ta tsaya kan wani ɗan kududdufi mai kore shar. Na ce a raina, wannan ai gansakukar bakin randa ce. Ta buga ƙafa a ƙasa sau ɗaya. Kafin in gyara tsayuwa koren ya nutse cikin yashi, ya ɓace.

Ashe tsutsotsi ne, kowace ba ta wuce 'yan milimita ba. Tun tana ƙarama take haɗiye gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, amma ba ta narkar da ita. Gansakukar na zama cikin jikinta tana haɗa abinci da hasken rana, ita kuma tsutsar in ta girma sai ta daina ci, aikinta shan hantsi kawai. Na daɗe a tsugune har ruwa ya shiga takalmina.

Da rana, a aji, malamar ta ce da ni: "Kai mai masassara, irin wannan haɗiyar ce asalin abin da kake nema a jini." Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta zana ƙwayar Plasmodium mai haddasa masassarar cizon sauro, ta nuna wata 'yar jaka a cikinta da ake kira afikoplas, wadda aka tabbatar da ita a 1996. Jakar tana da fata huɗu, tana kuma da nata ƙwayoyin gadon daban. Bayaninta shi ne, ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce kakan wannan ƙwaya ya haɗiye jar gansakuka a teku ya riƙe ta, yana rayuwa da rana. Daga baya zuriyarsa suka koma cin jikin wasu, suka bar aikin rana, amma jakar ta ƙi fita, domin tana haɗa wani sinadari da ƙwayar ba ta rayuwa sai da shi. A 2008 aka bayyana wata halitta mai suna Chromera velia da aka samo jikin murjani a gaɓar Sidni ta Ostareliya: 'yar uwar Plasmodium ce ta kusa, kuma har yau da rana take ci.

Nan wani abu da ya daɗe yana damuna ya warware. Mun san maganin doksisaikilin yana taɓa masassara amma da nawa, shi ya sa ba a ba mara lafiya shi kaɗai. Ashe jakar nan yake lalatawa. Ƙwayar da ta sha maganin tana ci gaba da harkarta, sai 'ya'yanta, da suka gaji jaka matacciya, su ne ke mutuwa. Da an faɗa mana haka a makaranta da ban yi haddar banza ba. Wani likitan Faransa, Laveran, shi ya fara ganin ƙwayar a jini a 1880 a Aljeriya, aka yi sama da shekara ɗari ana kallonta ba a san tana ɗauke da guntun tsiro ba.

Sauran kwanakin sun tafi a ɗakin da suke kiwon gansakuka iri dubbai cikin kwalabe, da fama da sanyi, da neman abinci mai yaji.

Ranar da na koma aiki na tarar da layi har waje. Na soma ba shugaban ɗakinmu labari da zumuɗi, na ce, "Malam, ka san kakan wannan abin a teku yake, da rana yake rayuwa?" Bai ɗago daga madubi ba. Ya turo mini gilashin wata yarinya 'yar shekara uku ya ce, "Madalla. To zauna ka ƙirga mini jikokin nasa, uwarta na jira."