Fomula a tafin hannu

Shekaranjiya da daddare na leƙa ɗakin ɗan ƙanwata, wanda zai zana jarrabawar WAEC bana, na tarar ya rubuta fomulolin Fiziks na makamashi, ½mv² da mgh, a tafin hannunsa da biro, yana ta nanatawa kamar mai tilawa. Na ce masa, "Yaro, babur da mahayinsa sun kai kilo 150, suna gudun kilomita 72 a awa, makamashin motsinsu nawa ne?" Bai ko ɗaga kai ba. Ya ninka 72 da 72, ya ninka da 150, ya raba biyu, ya ce, "Kawu, jul 388,800." Jikina ya yi sanyi. Jul shi ne ma'aunin makamashi, amsar kuwa 30,000 ce, kuma irin wannan ramin ne na faɗa shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

Ni ma hadda na yi. Makamashin motsi, wato ½mv², rabin nauyi (m) sau gudu (v) sau gudu, makamashin da ke ajiye, wato mgh, nauyi sau ƙarfin jan ƙasa (g) sau tsayi (h). Ko daga barci aka tashe ni zan kawo su. Amma ban taɓa tambayar abin da ya sa gudu ke zuwa sau biyu a ciki ba, ban kuma damu da ma'auni ba. Lamba kawai nake nema in zuba. A gaskiya ba laifina ba ne ni kaɗai. Mun fi mutum saba'in a aji, ɗakin gwaje-gwaje kullum a kulle, malaminmu ya cika allo da rubutu mu kwafa, ƙararrawa ta kaɗa ya fita. Wa zai tambaya a irin wannan hali? Sai dai kuma akwai wani da muke zama benci ɗaya, malami ɗaya, allo ɗaya, shi yakan bi malamin har gindin bishiya da tambaya. Ni ina ganin hakan ƙauyanci ne. Yau shi injiniya ne.

Ranar jarrabawa aka ba mu dutse mai giram 200 da aka saki daga sama. Na zuba 200 yadda take, alhali 0.2 ake so, don jul ba ya fitowa sai da kilo da mita da daƙiƙa. Tambayar mota ma na bar gudunta a kilomita cikin awa. Na fito ina murna, har ina faɗa wa mahaifiyata ta kwantar da hankalinta. Da sakamako ya fito, Fiziks ce ta kayar da ni, burin karatun injiniya ya tafi ke nan. Na daɗe ina ce wa kaina rabo ne, kuma rabo ne ɗin, amma da hannuna na rubuta 200.

Ban fahimci wannan darasi ba sai a kan titi. Ina kan babur da yamma, ina sauri in riski magariba a gida, akuya ta gilma. Na taka birki kamar yadda na saba, babur ya ƙi tsayawa inda na yi tsammani. Wata biyu na yi ina jinyar kafaɗa, a kwance nake ta lissafi. Kilo 150 a gudun mita 10 cikin daƙiƙa, jul 7,500 ne. A mita 20, ya zama 30,000. Gudu ya ninka biyu, abin da birki zai cinye ya ninka huɗu, tazarar tsayawa ma haka. Ɗan ƙaramin 2 ɗin nan da ke saman v, wanda nake kwafa ba tunani, shi ne ya watsar da ni a kwalta.

Daga nan na fara ganin abin ko'ina. Guga mai kilo 10 da aka jawo daga rijiya mai zurfin mita 15 ya ci jul 1,500 daga damatsanka, in ka ɗauki g a 10. Ka saki igiya, duk ya koma gudu. Ruwan da aka tare a madatsar Kainji tun 1968, tsayinsa ne ke komawa gudu ya juya injina mu sami lantarki.

Na so in jera muku shawara goma, amma ba ku da haƙurin karantawa, na sani. Yaron nan ina cikin bayani hannunsa na kan waya, wai zai tambaye ta amsa. Mu da littafi ɗaya muke karɓa-karɓa mutum biyar, ku komai na aljihunku amma raba lamba da 3.6 ya gagare ku!

Kafin ka taɓa fomula, gyara ma'auni. Giram ka raba da 1,000, kilomita a awa ka raba da 3.6. Ka duba takarda ka ga ko 10 aka ce ka ɗauki g ko 9.8. Kada ka tsaya a kan hadda kawai, ita ta cuce ni. To amma fomulolin nan biyu ka haddace su sosai, don a ɗakin jarrabawa babu lokacin tunanin asali. Sai dai ka iya faɗin ma'anarsu da Hausa. Mangwaro ya faɗo daga mita 5, ka daidaita mgh da ½mv², nauyi ya soke, ya rage gudun mita 10 cikin daƙiƙa, ƙarami ne ko babba. In ba ka iya wannan ba tare da leƙa tafin hannu ba, ba ka shirya ba.

Na karɓe wayar tasa, na sa ya wanke hannu ya sake lissafin babur ɗin. Sau uku ya yi kafin ya kawo 30,000. Ranar Asabar zan kai shi rijiyar bayan gidanmu, shi zai ja gugan.