Abin da na koya wajen sanya wa Gundam fitila

Duk yaron da ya ɗan jima a shagon gyaran waya ya iya kunna LED, wato ƙaramar fitilar lantarki mai ƙafa biyu. Doguwar ƙafa ta tafi fositif, gajeriyar ta tafi negatif, fitila ta kama. Da wannan sanin na tunkari kwalin Gunpla da ƙanena ya kawo mini tsaraba, sai na tarar kunnawar ce mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Babban aikin shi ne tsare hasken, ya tsaya inda kake so, gwargwadon yadda kake so.

Ga wanda bai sani ba, Gunpla butum-butumin roba ne da kamfanin Bandai na Japan ya fara sayarwa a 1980, shekara guda bayan Gundam, shirin katun na manyan butum-butumin yaƙi, ya fara fitowa a talabijin a 1979. A warwatse yake zuwa, gaɓa-gaɓa, kai za ka yanke ka harhaɗa. Nawa mai girman 1/100 ne, wato abin da a labarin yake da tsayin mita 18 ya dawo santimita 18. Kansa bai wuce kan babban yatsa ba, kuma a ciki ake son fitila ta zauna, ta haska idanu kaɗai.

Lissafin da aka koya mana a aji ba shi da matsala. Farar LED tana buƙatar kusan bolt 3, cajar waya tana ba da 5, saura 2. Idan kana son miliam 20 da aka rubuta a takardar bayaninta su ratsa ta, sai ka sa resista, wato abin rage ƙarfin wuta, mai om 100. Takarda ta yarda, mitar awon wuta ma ta yarda, amma ido bai yarda ba. Da wannan ƙarfin idanun ba sa zama idanu, kan gaba ɗaya yana komawa tocilan, duk zanen fuskar da masu ƙira suka wahala a kai ya ɓace cikin ƙyalli. Da na sa mai om 1000, abin da ke wucewa ya sauka zuwa miliam 2, nan fuskar ta fito, kamar mai rai yana kallonka. Maigidana a shago, dattijon da ya fara da gyaran rediyo tun kafin wayar hannu ta iso Bauchi, ya duba ya ce, "Ɗana, lambar da suka rubuta iyaka ce, ba su ce sai ka kai can ba." Na ce, "Haka ne, Baba." Tun daga ranar nake karanta takardar bayanin kowane kayan lantarki da wani ido daban.

Sai batun yoyon haske, wanda a nan na fi daɗewa. Farar roba sirara ce, haske yana ratsa ta. Da rana ba za ka lura ba. Ka kashe fitilar ɗaki da daddare, sai ka ga kumatu suna haske, ƙeya tana haske, duk layin da gaɓa biyu suka haɗu ya zama farin zare. Maganinsa a ciki yake, inda babu mai gani: a shafe bangon ciki da baƙin fenti, a bari ya bushe sarai, a ƙara, sannan a bi da mai ruwan azurfa domin ya mayar da hasken wajen idanu. Wasu suna liƙa takardar alminiyam, tana aiki kuwa, sai dai wutar lantarki tana bi ta cikinta, idan ta taɓa ƙafafun LED biyu ta haɗe su. Kuma fenti a lokacin hunturu sai da murfi. Ƙurar garin nan ba ta barin ɗanyen fenti ya bushe lafiya, don haka a ƙarƙashin kwano nake kifa gaɓoɓin. Na ga hotunan aikin mutane da dama da suka cika butum-butumi da fitilu goma sha, amma ba su toshe ko'ina ba. A ganina fitila biyu da aka tsare da kyau sun fi su.

Zafi kuma ba ya son gardama. Wannan robar tana fara laushi a wajen digiri 100, ƙarfen narka dalma kuwa yana haura 300. Saboda haka duk haɗin waya a kan tebur ake gama shi, a gwada, sannan a shigar. Gam mai saurin kamawa shi ma yana da nasa sharrin, tururinsa yana sa roba mai garau ta yi hazo har abada. Farin gam na kafintoci ya fi dacewa da roba mai garau ta idanun.

Wayar da ta fi yi mini aiki ba daga waje ta zo ba. Siririyar wayar koyil ce ta masu naɗin fanka, wadda na samo a wajen wani bawan Allah kusa da kasuwar Wunti. Rufinta na banish ne, siririya ce ƙwarai, tana bi ta cikin wuya da ƙugu ba tare da ta hana su juyawa ba, muddin ka bar mata ɗan rara a kowace gaɓa. Ita ce kuma take kama ƙananan LED masu lamba 0603, waɗanda tsawonsu milimita 1.6 ne kacal. Abu ɗaya da za a kiyaye: kada jar LED da fara su raba resista guda. Ja tana kamawa tun a wajen bolt 2, sai ta janye wutar ta bar farar a duhu. Kowace da tata.

Da farko ƙaramin batir mai kamar kwabo, CR2032, na ɓoye a jakar bayan butum-butumin, amma canza shi yana sa a riƙa ɓalle gaɓoɓi har su saki. Yanzu wayar ta sauka ta ƙafar hagu zuwa katakon da yake tsaye a kai, ta fita a matsayin kebul na USB. Yaran shagonmu biyu da hannunsu ke rawa a kan allon waya, Baba ya ce su riƙa koyon dalma a kan ragowar LED ɗin nan kafin a ba su wayar mutane.