Kwalbar da ke aljihunta

Yau na je dubiyar gwaggona da aka yi wa aiki a wani asibiti nan Maradi. Mun cika ɗakin, kowa da kwanon abincinsa, kun dai san dubiyarmu, sai ga malamar jinya ta shigo wankin ciwo. Famfo ba ruwa. Ko tsaki ba ta yi ba, ta ciro ƴar kwalbar alkol daga aljihu, ta murza tafi da bayan hannu, tsakanin yatsu, har bakin farce, ta jira ya bushe sannan ta sa safar hannu. Ta dubi yayata ta ce, "Hajiya, don Allah a ɗan matsa, kar a taɓa bandejin."

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 kan kwashi wata cutar a asibitin, a ƙasashe masu arziki kuwa 7. Tun 2005 take yekuwar tsabtace hannu, har ta fitar da yadda asibiti zai haɗa alkol ɗinsa da kansa. Madalla. Amma hannun da jini ya ɓata sai ruwa da sabulu, ni kuwa ruwan nan ne ke damuna.